Muryar Ƙasa

Ran Laraba nakan rufe rumfar faci da wuri,
in wanke baƙin taya da omo, ba ya fita duka,
in hau kabu-kabu zuwa lakwal ɗin Bagalam
inda Madam Barira ta ari aji guda
da benci goma sha ɗaya, ɗaya gurgu.

Mu ashirin da uku ne in kowa ya zo.
Kowa bai taɓa zuwa ba.

Ta kasa mu huɗu kamar mai tallar gyaɗa:
ƴan mata masu muryar tsinin allura,
su Tsayaba masu ta tsakiya,
samarin da maƙogwaronsu bai gama nuna ba,
sai mu uku can baya, jikin taga:
ni, da Jadi direban tanka, da Iliya mai allura a Danja.
Ku ne duwatsun murhu, in ji ta,
in ɗaya ya goce, miya ta bi ƙasa.

Waƙar da ta ɗinka bana baki biyu gare ta.
Ɗaya daga kakarta ta Tibiri:
wata mai ɗiban ruwa ta leƙa rijiya tana dariya,
murya ta suɓuce mata ta faɗa,
kwaɗo ya haɗiye.
Damina bakwai gari na jin kwaɗo yana kiran ƴaƴanta da suna,
ita kuwa sai nuni da hannu.
Ɗayan daga Littafi:
bawan da aka aika, ya juya wa aike baya,
kifi ya haɗiye shi, ya yi kira daga can ƙasa,
aka ji.

Jadi ya ce, Madam, gatana da aya a ƙwarya guda?
Iliya ya gyaɗa kai.
Ran nan ne mai zuwa Juma'a da mai zuwa Lahadi
suka fara yarda da juna a bencinmu.
Ta ajiye alli, ta karkaɗe hannu.
Ban ce ɗaya suke ba, in ji ta.
A tabarma ɗaya dai na ji su,
tsohuwa tana tsefe mini kai.
Ku buɗe shafi na uku.

A shafi na uku ba mu da kalma ko ɗaya.
Baki rufe, gunji kawai, numfashi tara,
mu ne cikin kifin, mu ne gindin rijiyar,
saura su bi ta kanmu su wuce.

A numfashi na biyu kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Takarda ta zama banza a hannu.
Madam ba ta ce a tsaya ba,
sai ƙarar zobenta a kan tebur, ɗaya, biyu.

Tun da muka kai Sahiya makwanci, damina ta zagayo,
ban kira sunanta da ƙarfi ba.
Nakan ce mai ɗakin, nakan ce marigayiya.
To a duhun nan, da ƴan mata suka hau can sama
suna kiran ƴaƴan bebiya ɗaya bayan ɗaya,
sai leɓena ya buɗe da kansa
faɗin bakin tsinke,
sunan ya fito a ƙarƙashin gunjin.
Gwiwar Iliya ta taɓa tawa, ta zauna nan.

Wuta ta dawo, kowa na kare ido.
Madam ta ce, baya, wani ya zame a na shida.
Jadi ya ɗaga hannu, ni ne.
Ƙarya yake, Allah ya yafe masa.

Na koma a ƙasa, na bar kuɗin kabu-kabu a aljihu.
Ta wajen gulbi kwaɗi sun fara nasu,
babu alli, babu shafi.
Na tsaya gindin bedi, na kasa kunne
har mai shayi ya tambaya ko na yar da wani abu.